Tambaya da Amsa: Ƙadangaren yarona ya kwana shida bai yi kashi ba

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan dabba ɗaya suka taru, wato ƙadangaren nan mai gemu ɗan asalin Ostareliya da yaranmu na Ingila da Amurka suka ɗauka da zafi. Na san wani a gida zai karanta ya ce ikon Allah, ƙadangare kuma da kuɗi? E wallahi da kuɗi, har da kayan ɗaki ake masa. To tunda dai an saya an kawo gida ya zama amana, bari mu duba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah a taimaka min, yarona ne ɗan shekara 11 ya matsa lamba sai da babansa ya sayo masa ƙadangaren nan mai gemu, ni dai ban so ba amma ya zan yi. Mai shagon ya ce watansa uku da ƙyanƙyasa. Yau kwana shida ke nan bai yi kashi ba, jiya kuma muka ga yana jan ƙafafunsa na baya kamar ba nasa ba, cikin ya yi tauri, yaron sai kuka yake ya ƙi cin abinci shi ma. Yashi muka zuba masa a ƙasan akwatin irin wanda aka ce akwai kalsiyam a ciki, abinci kuma tsutsar nan mai ruwan ƙasa-ƙasa mai taurin baya muke ba shi don ita ce ba ta tsalle, gyare kam na ce ba a gidana ba. Akwai wata 'yar shimfiɗa ta lantarki a ƙarƙashin akwatin mai ba da ɗumi. Wata ƙawata ta ce in ɗiga masa man zaitun a baki, in yi?
Daga wata uwa a Birmingham

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu na farko, ki ajiye mujallar nan ki kira likitan dabbobi yau ɗin nan, kuma ki tambaya tun a waya ko suna duba dabbobi masu rarrafe don ba kowane asibitin dabbobi ba ne ya san kansu, da yawa karnuka da kyanwoyi kawai suka iya. Jan ƙafafun baya ba abin a jira zuwa Litinin ba ne. Abu biyu ne suka fi kawo shi a ƙaramin ƙadangare, ko dai hanji ya toshe abin da ya taru yana danne jijiyoyin da ke tafiya ƙafafu, ko kuma ƙashinsa ne ya yi laushi don rashin kalsiyam, kuma hoton da likita zai ɗauka shi ne zai raba gardama. Man zaitun kada ki ɗura masa, dabba ce 'yar ƙarama, kina matsa masa baki man ya bi ta hanyar numfashi kin ƙara wata cutar a kan wata. Kada kuma a matsa cikin da ƙarfi wai a fito da abin. Abin da za ki iya yi kafin ku tafi shi ne ki zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, kamar wanda za ki yi wa jariri wanka da shi, a roba, zurfinsa kada ya wuce kafaɗarsa, ki sa shi ciki minti goma zuwa sha biyar kina tsaye a kansa. Wani lokaci nan take za ki ga ya saki, in bai saki ba ma bai hana tafiya asibiti ba.

Yanzu bari mu zo kan yadda aka yi aka kai nan, don in ba a gyara ba ko likita ya warkar da shi wata mai zuwa za ku koma.

Ni a wasiƙarki abin da ya fi tsaya min a rai ba yashin ba ne, shimfiɗar lantarkin nan ce, kuma ban ji kin ambaci fitila ba ko sau ɗaya. Ke da ni in muka ci tuwo jikinmu ne ke samar da zafin da zai narkar da shi, ko a cikin sanyin Disamba na Birmingham. Ƙadangare ba haka yake ba, zafin jikinsa aro yake yi daga waje. Shi ya sa a gida da hantsi za ki ga jan gwada ya hau katanga ya baje yana shan rana, ba zaman banza yake ba, murhun cikinsa yake hurawa. Wannan mai gemun kakanninsa daga tsakiyar Ostareliya suke, busasshiyar ƙasa mai zafin rana, kuma daga sama jikinsa ya san zafi, har wani ɗan ɗigo ne da shi a tsakar ka mai gane haske da inuwa. In babu wurin da zai hau zafi ya sauko masa a baya sosai, abincin da ya ci sai ya zauna a ciki kamar an ɗora tukunya an manta ba a kunna wuta ba.

Na ga wannan da idona a nawa. Wata shekara cikin hunturu kwan fitilarsa ya mutu da rana ina wurin aiki, na dawo da yamma a gajiye ban lura ba na zuba masa gyare ya cinye abinsa, washegari da safe sai ga su a kan dutse ya amayo su, guda biyar, da ƙafafunsu da gashin bakinsu kamar yanzu aka kama su, sai dai yauƙi da wari. Ba ciwon komai yake ba, sanyi ne kawai. Na canza kwai, kwana biyu ya koma daidai.

Don haka ki sa babansa ya sayo fitilar zafi a rataya ta sama a gefe ɗaya na akwatin, a sa dutse ko reshe a ƙarƙashinta, zafin saman dutsen ya kai digiri 40 zuwa 42 a ma'aunin Selsiyas, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 27 don in ya ƙoshi da zafi ya samu inda zai gudu. Kuma a auna, kada a yi kirdado da tafin hannu. Ɗan ma'aunin nan mai kamar agogo da ake mannawa a jikin gilas ba ya faɗin gaskiyar zafin dutsen, ki nemi na dijital mai waya ko wanda ake haskawa kamar bindiga. Da daddare a kashe duka fitilun ya samu duhu, muddin ɗakin bai sauka ƙasa da digiri 18 ba babu damuwa.

Sai fitila ta biyu, doguwa, mai hasken UVB, wato wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani. Wannan ba zafi take bayarwa ba, ita ce ke sa fatarsa ta samar da bitamin D3, shi kuma D3 ɗin ne ke sa jiki ya iya ɗaukar kalsiyam daga abinci. In babu ita ko buhun kalsiyam kika ba shi wucewa zai yi, ƙashi ya yi laushi, haɓa ta koma kamar roba, ƙafafu su riƙa rawa, hanjin ma ya kasa motsi da kyau don shi ma tsoka ce kuma tsoka da kalsiyam take aiki. Ajiye akwati a bakin taga ba ya maye gurbinta saboda gilas yana tare UVB. Kuma tana tsufa ba ki sani ba, za ki ga tana haske lafiya lau alhali ƙarfin ya tafi, shi ya sa ake canzawa duk wata 6 zuwa 12, ya danganta da irin wadda kika saya, ki rubuta ranar da aka saka ta a jikin akwatin. Awa 12 a kunne, awa 12 a kashe.

Yashin kuma a kwashe shi kaf. Ƙaramin ƙadangare bai iya farauta ba tukuna, yana kai wa ƙwaro cafka ya haɗa da yashi, ga shi komai sai ya lasa da harshe, mai kalsiyam ɗin nan kuwa in ya jiƙe dunƙulewa yake. Ki shimfiɗa masa tishun kicin ko tayil, ba kyau a ido amma za ki riƙa ganin kashinsa ki san halin da yake ciki.

Maganar tsutsa Hajiya sai dai ki yi haƙuri. Tsutsar da kika kwatanta ɓawonta na da tauri, ga kitse, ga ƙarancin kalsiyam, ba ita ce abincin yau da kullum na ɗan wata uku ba, balle wanda ba shi da zafin narkarwa. In gyare ne ba ki so saboda kuka da tsalle, akwai ƙananan fara da ake sayarwa a shagunan dabbobi a nan Ingila, akwai tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira soja, ita laushi gare ta kuma kalsiyam ɗinta da yawa, ba ta tsalle ba ta kuka. Akwai kuma wani irin kyankyaso da ake kira dubiya amma na san in na ce ki kawo kyankyaso gida da kuɗinki za ki daina karanta filin nan. Ko wanne kika zaɓa, ki dubi tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu, kada ƙwaron ya fi wannan tsawo. Yaronki ma zai iya riƙe wannan dokar, ki ba shi aikin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne, na sayi nawa sati uku da suka wuce, yana cin abinci ba laifi amma kashinsa ruwa-ruwa ne ga wari kamar me, abokin zamana har ya fara ƙorafi, kuma ina ganin kamar ramewa yake maimakon girma, gindin jelar ya sirance. Shekaranjiya na ga ɗan ja-ja a ciki. Ina ba shi gyare da latas kullum. Zafin wurin shan ɗuminsa 105 ne a ma'aunin nan Amurka. Akwai maganin da zan saya a intanet?
Daga wani ɗalibi a Houston

AMSA: Ƙanina zafinka ya yi, 105 ɗinku wajen digiri 40 da ɗoriya ne a namu lissafin, don haka ba nan matsalar take ba. Latas ɗin ka rage ko ka daina, musamman farin nan mai dunƙulewa kamar kabeji, kusan ruwa ne zalla, yana sa zawo kuma ba abin da yake ƙara masa. Amma latas ba ya sa jini, ba ya sa dabbar da ke ci tana ramewa.

Bari in faɗa maka yadda lafiyayyen kashi yake don ka samu abin kwatance. Kashi biyu ne a haɗe, ɗaya ruwan ƙasa mai ɗan tsawo a dunƙule, ɗaya fari a ƙarshensa mai laushi kamar man goge baki, farin nan shi ne fitsarinsa don su ba sa fitsarin ruwa irin namu. In farin ya fito da tauri kamar alli ko ya koma ruwan ɗorawa, ruwa ne ya yi masa ƙaranci. Ƙarami mai ci sosai kusan kullum yake yi, wani ma fiye da sau ɗaya. Wari kam dole akwai, amma wanda zai kori mutum daga ɗaki, ga ruwa, ga majina ko jini, ga rama, wannan ya fi kama da ƙwayoyin cuta na hanji. Wanda ya fi addabar ƙananansu shi ne koksidiya, masu kiwon kaji sun san sunan sarai don dangin wanda ke sa 'yan tsaki kashin jini ne, sai dai na ƙadangaren jinsinsa daban, Isospora amphiboluri ake ce masa. Akwai kuma ƙananan tsutsotsin ciki. Da yawansu da abinsu suke zuwa daga wurin masu kiwo inda ake tara su da yawa a akwati ɗaya, yana nan kwance ba ya damunsu, sai wahalar canjin gida ta raunana su ya samu dama ya yaɗu. Sati ukun da ka ce ya yi daidai da haka.

Magani daga intanet a'a. Maganin koksidiya daban, na tsutsa daban, kuma ana auna shi ne da nauyin dabbar a giram, naka wataƙila bai kai nauyin ƙwan kaza ba, kuskure kaɗan ya isa. Ka ɗebi sabon kashi a 'yar roba mai murfi ko leda, in ba za ka samu zuwa nan take ba ka sa a firij, ba firiza ba, kada ya wuce kwana ɗaya, ka kai likita ya duba a madubin likita. Gwajin ba shi ne mai tsada a harkar ba. In an gwada ba a ga komai ba kuma ramar ta ci gaba, ka tambaye shi batun cutar adeno, wata ƙwayar bairos ce da ke hana ƙananansu girma.

Sai aikin da ke kanka, don koksidiya ta kashi take komawa baki, ya taka ya lasa ya sake kamuwa, kana ba da magani yana sake ɗauka. Tishu a ƙasa, kana ganin kashi ka ɗauke a lokacin, kwanon ruwa da na abinci a wanke kullum, duk wani reshe ko kayan ado mai ramuka da ba ya wankuwa ka fitar har a gama magani. Gyaren da bai ci ba kada ya kwana a akwatin, suna bin kashi su ci sannan shi ya cinye su, kuma suna cizonsa in yana barci. Ka samu ɗan sikelin kicin ka riƙa auna shi duk sati kana rubutawa, ido yana ruɗi amma sikeli ba ruwansa.

TAMBAYA: Tawa watanta huɗu, ƙwari kawai take so, ganye ko kallo bai ishe ta ba. In hana ta ƙwarin har sai ta ci ganyen? Kuma sau nawa ya kamata in ba ta a rana?
Daga wata 'yar uwa a Leeds

AMSA: Kada ki hana ta 'yar uwa, ba taurin kai ba ne, shekarunta ne. Suna ƙanana yawancin abincinsu ƙwari ne saboda girman da suke yi da sauri, abin da aka ƙyanƙyashe bai fi tsawon yatsa ba cikin shekara ɗaya ya doshi santimita 45 ko fiye, sai sun girma lissafin ke juyawa ganye ya fi yawa. Ki ba ta ƙwari sau biyu zuwa uku a rana, iya abin da za ta ci cikin minti 10 zuwa 15, ki kwashe saura. Na safe ki bari fitila ta yi kamar awa ɗaya a kunne jikinta ya ɗau zafi, na yamma kuma ya zama saura aƙalla awa biyu a kashe fitila. Ki riƙa barbaɗa wa ƙwarin garin kalsiyam sau ɗaya a rana yawancin ranakun sati, ki zuba su a leda da ɗan garin ki girgiza su fito fari-fari kamar an yi musu hoda, garin bitamin kuma sau ɗaya ko biyu a sati ya isa. Su ƙwarin ma ki ciyar da su ganye da karas kwana ɗaya kafin ki ba ta, abin da ke cikinsu shi take ci.

Ganyen ki ci gaba da ajiyewa kullum da safe ko ba ta taɓa ba, yankakke ƙanana, ganyen salak da ake kira roket, ganyen mustad, kabewa gurzajjiya, ɗan jan tattasai mara yaji don kala tana jan hankalinsu. Ki jefa tsutsa biyu a ciki suna motsi, garin kamawa za ta haɗa da ganye. Alayyahon Turawa kada ya zama na kullum don yana riƙe kalsiyam, piya da albasa da tafarnuwa da lemu kuma kada su shiga kwanonta sam.

TAMBAYA: Ni fa dariya kuke ba ni. Wannan ba ƙadangaren bayan ɗakinmu ba ne aka canza wa suna? Namu wa yake ba shi kalsiyam? Ɗan yayana da ke Amurka yana da shi, na ce ya riƙa kama masa ƙwari a gindin fitilar waje ya huta da kashe dala.
Daga wani magidanci a Kano

AMSA: Alhaji ba ka yi nisa da gaskiya ba, dangi ne, masana sun sa su a gida ɗaya da jan gwadanmu, har gyaɗa kan nan iri ɗaya suke yi. Sai dai wancan sunansa Pogona vitticeps, yana da fata mai ƙaya-ƙaya a maƙogwaro da yake kumburawa ta yi baƙi in ransa ya ɓaci, gemun ke nan. Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, don haka waɗanda ke kasuwa yanzu duk haihuwar akwati ne kaka da kakanni. Namu na bayan ɗaki ranar Kano ce fitilarsa kyauta, yana cin ƙwari iri-iri, in zafi ya yi yawa ya shige rami, in ya yi kashi ya bar wurin. Wanda aka rufe a gilas a ƙasar sanyi ba shi da ko ɗaya sai abin da mai shi ya kawo masa.

Shawarar kama ƙwari kuwa dan Allah ka kira yaron ka janye ta. Ƙwarin waje suna ɗauke da maganin feshi da tsutsar ciki, sannan a Amurka lokacin zafi akwai maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da daddare, jikinsa na da dafin da ke taɓa zuciya, guda ɗaya tak ya isa ya kashe ƙadangare mai gemu, shi kuma bai san ya ƙi shi ba, cafkewa zai yi.

TAMBAYA: Na zo wa 'yata wankan jego na tarar jikana babba yana da wannan abu, yana ɗora shi a kafaɗa har sumbatarsa yake, a sink ɗin kicin kuma suke masa wanka wai don ya yi kashi. Ga jariri a gida. Hankalina bai kwanta ba.
Daga wata kaka a Landan

AMSA: Mama hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba. Dabbobi masu rarrafe suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ko da lafiyarsu ƙalau, tana fita a kashi ta manne a fata da duk inda suka taka, a mutum kuma zawo da zazzaɓi take sawa, ga jariri abin yana iya yin tsanani. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta sha danganta ɓarkewar cutar da wannan ƙadangaren, kuma shawararta ita ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su nisanci taɓa shi. Ba sai an rabu da dabbar ba, amma sumba ta ƙare daga yau, wankan kicin ma haka, a saya masa robarsa daban a rubuta a jiki, ruwan a zuba a masai a wanke robar a waje ko a banɗaki a bi wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akwatin kada ya zauna a ɗakin da jariri ke kwana ko inda ake haɗa masa madara, ƙadangaren kuma kada a sake shi yana yawo a kafet ɗin da za a shimfiɗe yaro. Jikan naki duk sanda ya taɓa shi ko ƙwarinsa ko kwanonsa ya wanke hannu da sabulu kafin ya matso kusa da ƙaninsa, rigar da ya ɗora shi a kafaɗa ma ya cire ta kafin ya ce zai ɗauki jariri. Ki faɗa wa 'yarki ni na ce, in ya so laifin ya dawo kaina.